Kafin a Ɗora Maka Ƙarfe a Gwiwa

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Daga uwarka Rabi, a tungarmu ta yamma da Ollelewa, zuwa ga ɗana Ilu, a gidan kawunsa Tanko a Tanut. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa takardar nan ta same ka a zaune. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin rana, da sharrin masu ƙaunarka waɗanda ba su san abin da suke yi ba. Amin.

Bayan haka, ba zan cika ka da labarin gida ba. Kowa lafiya. Ubanka yana gaishe ka, ya ce in gaya maka ka bi maganar kawunka. To, na gaya maka. Sauran takardar tawa ce.

Delu mai cuku ta dawo daga kasuwar Tanut jiya. Ta zauna a tabarmata, ta sha furata, sannan ta riƙa ba ni labarinka guntu-guntu, yadda take sayar da cukunta. Ta ce saura kwana ashirin da biyar a yi tseren da kumandan ya sa, daga bariki zuwa wata rijiya a hanyar Damagaram a komo, tafiyar da jaki ke yi tun asuba har la'asar. Ta ce mutum huɗu na farko su za a ba ɗaukar jakar wasiƙun Nasara, kuma ba mai taɓa su da maganar aikin hanya ko soja. Wannan duk na sani, tun da shi ya fitar da kai daga gidan nan. Sai da ta ga ƙwaryar ta ƙare ta ce:

"Yaronki fa yana ɗingishi. Ba sosai ba. In ya ga mutane sai ya miƙe."

Na ce, "Wace ƙafa?"

"Ke Rabi, ni cuku na je sayarwa, ba duban ƙafafun samari ba. Ta hagu, ina jin. Amma kwantar da hankalinki, kawunsa Barewa ya ce ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zai kai shi wurin wani mai raƙuma a yi masa lalas da jan ƙarfe. Kwana uku ya tashi kamar ba a yi ba."

Mijinta zai tashi da raƙumi gobe da sassafe, ya ce Alhamis yana Tanut, shi zai kawo maka takardar nan. Saboda haka ina da yini ɗaya, da tawada, da maganar da na riƙe shekara talatin. Ka karanta da kanka. Ban koya maka karatu don wani ya ji sirrina ba.

Kada ka yarda a ɗora maka jan ƙarfe a gwiwa. Na san za ka ce, me gurguwa ta sani a kan gudu, ga Tanko Barewa da duk Damargu ta san ƙafarsa? Kana da gaskiya ka tambaya. Ni na jawo, don ni na ba shi sunan.

Ka ji labarin sau ɗari, har maroƙa na yi masa kirari da shi: kafin zuwan Nasara, mahara suka kore garken tunga da hantsi, maza duk suna kasuwa a gari, ba doki ko ɗaya, sai yaro ɗan shekara goma sha huɗu ya ɗauki takardar kakanka Malam ya yi gudun yini guda kafin azahar, mahaya suka fito suka ƙwato shanu. Mahara gaskiya ne, takarda gaskiya ce, shanu ma an ƙwato. Yaron ne kawai ba haka ba.

Mu huɗu ne mata kafin a haifi Tanko, ni ce ta huɗun. Kakanka Malam ya gaji da jiran namiji, ya zaunar da ni da allo, har na sauke na shiga littattafai. Da Tanko ya taso, sai aka tuna ashe ni mace ce. Ran da mahara suka zo, Malam ya rubuta layi biyu ya ba Tanko, ya ce ya ruga. Ya ruga kuwa, ya bar goran ruwa a ƙofar gida. Inna ta ce, "Rabi, bi shi da goran nan, in kin same shi." Na same shi. Yana gindin aduwa, ko gonar ƙarshe bai wuce da nisa ba, ya riƙe haƙarƙari yana kuka.

"Yaya, cikina ya ƙulle. Mutuwa zan yi."

"Ba ka mutuwa. Kawo takardar."

"Malam zai kashe ni."

"Wannan kuma daban. Kawo."

Na bar masa goran, na tattare zanena na ɗaure a cinya, na tafi. Na isa bakin gari ana shirin kiran azahar. A nan na yi kuskurena na farko. Na hango maza cike a ƙofar kasuwa, na dubi kaina, budurwa, ƙafafu a waje, ƙarangiya har gwiwa, sai kunya ta kama ni. Na saki zanen, na lallaɓa wurin wani tsoho mai sayar da igiya, na miƙa masa takardar na ce, "Ƙanena Tanko ne ya kawo, ya faɗi a hanya don gajiya, ni na ƙaraso da ita." Ban ce a ina ya faɗi ba. Mahaya suka tsince shi a hanya yana tafe a hankali, suka ɗora shi a doki, suka shigo da shi tunga da guɗa. Ni na dawo a bayan jakin wata mai daddawa.

Da yamma Malam ya dubi tafin ƙafata, ya dubi na Tanko. Mutum ne mai ilimi, ya iya karanta abin da aka rubuta ko a fata ne. Sai ya ce, "Allah ya yi miki albarka. A bar shi yadda yake." Aka ba Tanko riga da suna. Ni aka ba ni ruwan zafi in gasa ƙafa.

Abin da nake so ka ɗauka a nan ƙarami ne: abin da jikinka ya yi, da abin da yake ji, kada kunya ta sa ka faɗe shi ba daidai ba. Delu ta ce kana miƙewa in ka ga mutane. Na san wannan miƙewar, a wurina ka gaje ta. Ɗingishin da ka ɓoye wa mutane bai ɓoyu ga gwiwarka ba. Ka tsaya gaban kawunka da sauran samarin ka ce, "Ƙafata na ciwo, yau ba na gudu." Za su yi dariya. Dariyar samari ba ta kai la'asar.

Kuskure na biyu ya fi na farko, don shi da hankalina na yi shi. Na ɗauka zan iya haƙura. Sai na ga ban iya ba. Duk ran da aka ce "Barewa" a gabana, sai in ji kamar an ɗebi abinci daga ƙwaryata an ba wani ina kallo, kuma ana so in ce masa ya ci lafiya. Shi kuwa Tanko, cikin wata biyu ya fara ba da labarin da kansa, har da inda ya tsallake kura. Ina jin zuwa kaka ya riga ya gaskata. Ba mugu ba ne kawunka. Mutum ne da aka ba riga ta yi masa kyau.

Sai na ƙudurta zan kayar da shi a gaban mutane. Bayan girbi samari kan yi tsere daga masussuka zuwa tsohuwar rijiya. Ba a hana mace ba, don ba wanda ya taɓa zaton sai an hana. Matsalata ita ce inda zan horar da ƙafa ba a gane ba. Budurwa ba ta fita daji da gudu ba dalili. Sai na samo dabarar da har yau nake yaba wa kaina a kanta, ko da yake ita ta ci ni.

Ka san rijiyarmu da zurfi, ka san yadda ake jan ruwa: a ɗaura igiyar wasaki, babban gugan nan na fata, a jikin sa, mai kora ya tafi da shi har wasakin ya fito, a juye a komi, a juyo da san a sake. Aikin da kowa ke gudu ne. Ni na ce a bar mini. Inna har ta yi ta gaya wa mata ta haifi 'yar albarka. San yana tafiyarsa ta sa, ni kuwa sai in sake shi in ruga gaba har gindin wata tumfafiya, in kewaye ta, in dawo in tarye shi. Tun hantsi har rana ta take, kullum, ba ranar hutu, don dabbobi ba su san Juma'a ba. Hanyar gangare ce, a tafi a sauka, a dawo a hau. Kuma kullum ta hannun hagu nake kewaya tumfafiyar, don ta dama akwai ƙaya. Sau nawa a yini? Ban ƙirga ba. Gwiwar ta ƙirga.

Wata guda ina jin daɗi. A na biyu sai wani abu ya fara a gefen gwiwar hagu, ta waje, wurin da ɗan yatsa ɗaya zai rufe. Da safe babu shi. Sai na yi kewaye kamar goma ya zo, kullum a gangare, kullum kusan wuri ɗaya, kamar mai jirana a can. Na ce gajiya ce. Na ƙara gudu don in kore shi.

Ilu, ciwon mai gudu iri uku ne, na kuwa san su kamar yadda na san 'ya'yana. Akwai na nama, wanda ke kama cinya da ƙwauri na ƙafa biyu, ka tashi da shi da safe, in jiki ya yi ɗumi ya sake ka. Wannan ba komai, da shi ake ƙarfi. Akwai na wuri ɗaya, ƙafa ɗaya, wanda za ka iya nunawa da yatsa, wanda gudu ke kawowa, gangare ke tsanantawa. Wannan magana ce gwiwa take yi maka, tun tana yi a hankali. Sai na uku: kumburi, zafi in ka taɓa, ƙafa ta ƙi miƙewa ko ta ƙi lanƙwasa. Wannan ta daina magana ke nan. Daga abin da Delu ta gani, kana kan na biyu. Zauna yanzu ka danna da yatsa ka gani. In na ukun ne, ajiye maganar tsere gaba ɗaya, ka nemi jaki ka dawo gida.

In na biyun ne, to ciwon yana da dalili, kuma dalilin ba a cikin gwiwar yake ba, yana cikin abin da kake yi mata. Na tambayi Delu yadda kawunka ke horar da ku. Ta ce safe da yamma kuna kewaya tudun bayan bariki, shi yana bin ku a kan doki yana tsawa. Na ce ta wane hannu? Ta ce, "Oho, yadda dai ake kewayawa." Na san amsar. Ta hannu ɗaya ne kullum, ƙafar hagu tana ciki tana ɗaukar juyi, ƙasa a karkace. Tumfafiyata ce aka ƙara wa girma. Ɗauko takalmanka ka kifa su, ka ga wanne ya fi cinyewa kuma ta wane gefe. In sun karkace, ba wa baduku ya sake musu ƙasa. Kawunka ba zai gaya maka wannan ba, ba don ƙeta ba. Bai taɓa ciwon gwiwa ba, don bai taɓa gudun da ke kawo shi ba. Doki ne ya kamata a tambaya.

Yanzu ga na uku, wanda saboda shi nake ɓata tawada. Saura kwana tara tseren samari, na kai ba na iya sauka gangaren nan sai da cije leɓe. Akwai wani makiyayin raƙuma da ke shayarwa a rijiyarmu, dattijo mai kirki. Na sha ganin ya kwantar da raƙumi mai ɗingishi, ya sa ƙarfe a wuta har ya yi ja, ya ɗora masa a gaɓa, raƙumin ya yi ruri, bayan kwanaki ya tashi ya ɗauki kaya. Na same shi na ce ya yi mini.

Ya ce, "'Yar Malam, wannan na dabba ne da tsofaffi masu sanyin ƙashi. Ke me kika yi wa ƙafar?"

Na ce, "Sa ne ya taka ni."

Ya duba ya ce, "Sanku ba shi da kofato ke nan." Amma na nace, na ce Inna ce ta aiko ni. Ya yi mini layi uku a gefen gwiwa. Ba zan kwatanta maka ba. Warin na fi tunawa da zafin.

Kafin ya tafi ya ce, "Raƙumina in na yi masa, sai ya yi wata bai ɗauki kaya ba. Ke ma haka." Ka ji abin da masu cewa kwana uku ba su faɗa. Raƙumin da aka yi wa lalas ana ɗaure shi a bar shi ya huta, don ba mai ɗora kaya a kan gyambo. Na daɗe ina tunani a kai, kuma abin da na gano shi ne hutun ke warkar da shi, ƙarfen kawai ya tilasta wa mai shi haƙuri. A jikin mutum mai gaggawa kuwa aikin ƙarfe ɗaya ne: ƙunar waje ta fi ciwon ciki ƙara, sai ka daina jin na cikin, ka ce ka warke. Haka na ce. Na ɗaure da tsumma a ƙarƙashin zane, rana ta huɗu na koma tumfafiya.

Ban ma kai ranar tseren ba. Ana saura kwana biyu aka aike mu ni da Tanko gonar nesa mu ɗauko dami. Ba kowa a hanya. Na ce, "Barewa, zo mu gwada, daga nan zuwa gawon can." Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Yaya, ke ba ki mantuwa?" Na ce, "Kai ne ka cika mantuwa." Muka tashi. Na ba shi rata har ina jin hakinsa yana nisa a bayana. A gangaren jigawa ƙafar ta tafi, kamar an zare ta daga ƙarƙashina. Na ji ƙarar da kunnena.

Shi ya goyo ni har gida, yana kuka, yana cewa, "Sannu Yaya, sannu." Mutane suka fito suka ga Barewa ya goyo 'yar'uwarsa tun daga gonar nesa bai ajiye ba. Aka ƙara masa baiti a kirari. Ka ga, ko faɗuwata shi ta yi wa amfani.

Inna ta kwance tsumman ta ga ƙunar ta ruɓe, ta dube ni, ba ta tambaya ba. Ta gaya wa mutane san rijiya ne ya harbe ni, aka yi mini lalas daga baya bai ci ba. Abin da aka gaya maka ke nan, abin da Tanko ya sani ke nan har yau, don namiji ba ya duban gwiwar yayarsa. A wurinsa an makara ne da ƙarfen, shi ya sa yake gaggawar kai ka. Na yi wata huɗu a kwance, gwiwa kamar tulu. Da na tashi, ƙafar ta ƙi lanƙwasa, har yau. Ka taɓa ganin na yi sujada kamar sauran mata? A zaune nake sallah tun ina da shekara goma sha shida.

Ga abin da za ka yi. Kwana goma ba gudu ko taki ɗaya. Ka yi tafiya a fili da safe, in ba ta tayar da ciwon ba. Ka gasa wurin da ruwa mai ɗumi safe da yamma. Ka sa a murza maka cinya da man shanu, tun daga ƙugu har kusa da gwiwa ta gefen waje, da ƙarfi, amma kada a danna kan ciwon kansa. Ka jingina bayanka da bango ka sauka kaɗan kamar mai shirin zama a turmi, ka tsaya har cinya ta yi rawa, ka tashi. Makiyaya biyu na yi wa haka a tungar nan, dukansu suna bin shanu yanzu. Ba su gaya wa kowa gurguwa ce ta gyara su ba, ni ma ban sa rai ba.

Bayan kwana goma ka fara kaɗan, yau gudu gobe hutu. Ka nemi ƙasa mai ɗan tauri, kada ka bi fako mai bugun ƙashi, kada ka bi yashin da ƙafa ke nutsewa. Ka tafi miƙe ka dawo miƙe, in kuwa dole sai an kewaya, yau ta dama gobe ta hagu. A gangare ka gajarta taki, kada ka jefa ƙafa gaba kamar mai tsallake rami. Da ciwon ya ce maka ga ni, ka tsaya nan take ka koma gida da tafiya, ko da 'yan mata na kallo. Ƙarfin da ka tara a wata biyu ba ya zubewa a kwana goma. Abin da na kasa yarda da shi ke nan, na ga kamar in na huta yini ɗaya Tanko zai wuce ni, alhali yana kwance a inuwa yana cin goriba.

Ana saura kwana biyar, ka sami jigawa ka sauko ta a guje sau uku. In shiru, ka shiga tseren da sunan Allah. In ta yi magana, kada ka shiga. Na san abin da ke bayan wannan, ba sai ka tuna mini ba. Za a iya rubuta ka aikin hanya, ka yi watanni kana fasa dutse a inda ba ka san kowa ba. Na ga waɗanda suka dawo, sun rame, hannu duk kanta, wasu da tari. Ba na raina shi. Amma da ƙafafunsu suka shigo gida. Kuma jakar Nasara ba yau za a gama rabonta ba. Mutum huɗu a hanyar Damagaram, tafi da dawowa, rani da damina, ba za su shekara biyu ba a nemi wasu. Mai ƙafa biyu zai samu wani karon.

In kawunka ya matsa, kada ka yi masa rashin kunya, yana ciyar da kai kuma yana son ka. Ka ja shi gefe, inda ba kowa, ka ce, "Yayarka Rabi ta ce tun kafin gonar nesa akwai ƙarfe a gwiwarta, kwana bakwai." Sai ka bar shi ya yi lissafi. Ba na so ka tona shi a gari. Rigar ta tsufa a jikinsa, ko an tuɓe ba ta shiga ni.

Saura guda, kuma ita ce na fi jin nauyin rubutawa, don wannan kai na yi wa. Kana da shekara shida wani bunsuru ya tsinke, ka bi shi har bayan gonaki. Ina zaune a ƙofa ina kallo. Na ga yadda kake ɗaga ƙafa, yadda kanka ba ya rawa, na gane gudun nan, nawa ne. Uwa ta gari da ta yi guɗa. Ni kuwa, da ka dawo da bunsurun kana haki kana jiran yabo, na ce maka ka tafi ka wanke ƙafa. Shekara goma sha huɗu ina kallonka kana gudu, ban taɓa ce maka ga yadda ake yi ba, alhali duk tungar nan ba wanda ya sani sai ni. Da mutane suka fara cewa, "Ilu ya gaji kawunsa," na bar su. Da Tanko ya zo ɗaukarka, ka durƙusa kana sallama, na ce Allah ya kiyaye, na ci gaba da tankaɗe. Ka ɗauka halina ne na rashin sakin fuska. Ƙyashi ne, ɗana. Ina ƙyashin Tanko da ya same ka, ina ƙyashinka da ka sami hanya.

Jiya da Delu ta ce kana ɗingishi, kafin tsoro ya zo, wani abu ya riga shi. Daɗi ne. Bai daɗe ba, kamar ƙiftawar ido, amma na gan shi, kuma na san fuskarsa. Na yi istigfari, na kasa cin tuwo. Ina gaya maka ne don ka auna maganata da sani. Mai ce maka ka huta mace ce da wani ɓangare nata ke so ka zauna kusa da ita, ku zama gurgu biyu a inuwa ɗaya. Na bincika shawarar nan layi-layi ina neman inda wannan matar ta sa hannu. Ban samu ba, amma ba ni ce alƙalin da ya dace ba. Saboda haka kada ka dogara da niyyata. Ka je wurin mai raƙuman da kansa kafin Juma'a, kai kaɗai, ka tambaye shi kwana nawa raƙuminsa ke yi a ɗaure bayan ƙarfe. In ya ce uku, yi abin da kawunka ya ce.

In Allah ya sa ka warke ka shiga, ina da roƙo. Akwai wani wuri a doguwar hanya, bayan ƙirji ya gama ƙuna, bayan ka gama tunanin tsayawa, inda numfashi ke daidaita da kansa, ƙasa ta riƙa zuwa tana wucewa ba kai ke tura ta ba, ka ji ba ka da nauyi, ba ka da suna, ba kowa a duniya sai iska a kunnenka. Sau ɗaya na shige shi a rayuwata, ga mahara a baya, ga shanun mutane a wuyana, kuma Allah ya gafarta mini, dariya nake yi. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Wani lokaci ina shakka ko ni ma ƙari na yi wa labarin. In ka kai wurin, ka lura da kyau, ka zo ka gaya mini ko yana nan. Zan ji haushi, wataƙila in tashi in bar ka da magana a baki. Ka biyo ni ka ƙarasa.

Allah ya ba ka lafiya, ya sanyaya abin da ke zafi, ya ba ka haƙurin zama wanda ya fi gudu wuya. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare ka daga ƙarfe da wuta, ya tsare ka daga abin da ke zuciyar uwarka in ba alheri ba ne. Ka gaida kawunka da iyalinsa da kyau. Allah ya dawo mini da kai kana tafe da ƙafafunka. Amin.

Wassalam.

Uwarka,
Rabi